Jarrabawar CCNA: Yadda Ake Shirya Mata, Da Yadda Mai Biyan Kuɗi Zai Gane An Shirya

A halin da ake ciki, da wuya a sami banki, ko asibiti, ko otal, ko babban kanti a Nijeriya da zai iya gudanar da harkokinsa na yini guda ba tare da kwamfutocinsa sun yi musayar bayanai da juna ba. Na'urar POS da ke kan teburin mai karɓar kuɗi, da kyamarar tsaro da ke bakin sito, da kwamfutar akanta, dukkansu suna tafiya ne a kan hanyar sadarwa wadda wani ma'aikaci ya shimfiɗa, kuma duk ranar da ta tsaya, ciniki ya tsaya. 'Yan kasuwa sun ɗanɗana haka a farkon shekara ta 2023, lokacin da ƙarancin takardun Naira ya tilasta wa jama'a komawa ga tura kuɗi ta waya, suka sake ɗanɗanawa ranar 14 ga Maris, 2024, sa'ad da wasu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da na kamfanonin waya suka sami tangarɗa.

Wannan ne ya sa kamfanoni da dama ke neman ma'aikacin da ya san aikin haɗa kwamfutoci, kuma takardar shaidar da suka fi ambata a sanarwar neman ƙananan ma'aikatan wannan fanni ita ce CCNA ta kamfanin Cisco. Darasin nan ya shafi mutum biyu ne: ɗalibin da zai zauna jarrabawar, da kuma ɗan kasuwan da zai ɗauki nauyin ɗansa ko yaron shagonsa ko ma'aikacinsa. Abin da ya kamata su biyun su fahimta tun farko shi ne, jarrabawar tana auna lissafin kai da aikin hannu ne, don haka akwai alamomin da ake gani da ido waɗanda ke nuna mutum ya shirya, kuma bai dace a biya kuɗin rajista ba sai an ga waɗannan alamomi.

Asalin takardar da matsayinta

An kafa kamfanin Cisco a shekara ta 1984 a Jihar Kalifoniya ta Amurka, a hannun Leonard Bosack da Sandy Lerner, waɗanda a lokacin ma'aikata ne a Jami'ar Stanford. Kamfanin ya shahara wajen ƙera na'urori biyu da su ne ginshiƙin kowace hanyar sadarwa: suwic, wato akwatin da ke haɗa kwamfutocin gida ɗaya ko ofis ɗaya, da kuma rauta, wato na'urar da ke ɗaukar saƙo daga wannan hanyar sadarwa ta miƙa shi ga wata. A shekara ta 1993 kamfanin ya ƙirƙiro babbar takardarsa ta ƙwararru mai suna CCIE, a 1997 ya buɗe shirin koyarwa na Cisco Networking Academy, sa'an nan a 1998 ya fito da CCNA domin masu shigowa sana'ar.

Shekaru da dama CCNA ta kasance kashi-kashi, kowane fanni da tasa jarrabawar. Ranar 24 ga Fabrairu, 2020, Cisco ya haɗe su wuri guda ya mai da su jarrabawa ɗaya mai lamba 200-301. A watan Agusta na 2024 aka yi mata kwaskwarima, aka ƙara 'yan batutuwa da suka shafi ƙirƙirarriyar basira da kuma sarrafa na'urori daga nesa ta intanet. Ba a gindaya wani sharaɗin digiri ko difloma ga mai son zama ba. Ana yin jarrabawar da Turanci ko Japananci, saboda haka wajibi ne ɗalibi ya iya karanta Turancin fasaha cikin sauri, ko da kuwa da Hausa malaminsa ya fahimtar da shi darasin.

Akwai wasu takardu biyu a wannan mataki da ya kamata a sani. Ta farko ita ce CCST Networking, wadda Cisco ya fito da ita a 2023 a kan dala 125, kuma ta fi CCNA sauƙi nesa ba kusa ba, ta dace da wanda bai taɓa riƙe kebul ba. Ta biyu ita ce Network+ ta ƙungiyar CompTIA, wadda ba ta keɓanta da kayan kamfani ɗaya ba. A tsarinta na 2024 tambayoyinta ba su wuce 90 ba, a cikin minti 90, kuma makin ci shi ne 720 daga 900. Wanda aikinsa bai wuce kula da kwamfutocin ƙaramin ofis ba, ɗaya daga cikin waɗannan biyu za ta iya wadatar da shi. Wanda kuwa ke fatan aiki a banki, ko kamfanin waya, ko kamfanin sayar da intanet, CCNA ce ta fi kai shi ga ƙofar.

Lissafin kuɗi

Kuɗin rajistar da Cisco ya ƙayyade wa jarrabawar a 2020 dalar Amurka 300 ne, kuma da dala ake lissafa shi. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin Naira a watan Yuni na 2023, dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, wato jarrabawar tana kamawa kimanin Naira 138,000. Zuwa watan Fabrairu na 2024 dala ta kai Naira 1,500, wato jarrabawar nan guda ta koma Naira 450,000 ba tare da Cisco ya ƙara ko sisi ba. Wanda ya faɗi ba a mayar masa da komai, kuma idan zai sake zama sai ya jira kwana biyar ya sake biyan cikakken kuɗi.

Ɗan kasuwan da ya saba lissafin jari zai ga ma'anar wannan nan take. Ƙarin wata guda na karatu ba ya cin ko rubu'in kuɗin sake zama. Bugu da ƙari, akwai hanyar rage kuɗin: ɗaliban da suka kammala kwasa-kwasan CCNA guda uku a wata cibiyar Cisco Networking Academy, kuma suka sami makin da ake buƙata, sukan sami takardar rangwame. Jami'o'i da kwalejojin fasaha da yawa a ƙasar nan suna cikin wannan shiri, don haka yana da kyau a fara bincikawa a makaranta mafi kusa kafin a nufi cibiyoyin kuɗi. Sai dai a lura, takardar kammala kwas daban take da takardar CCNA. Ta farko shaidar halartar aji ce, ta biyu kuwa ba a samun ta sai an ci jarrabawa a ƙarƙashin sa ido.

Abin da jarrabawar ta ƙunsa

Tsawon jarrabawar minti 120 ne. A tsarin 2024 an raba batutuwanta gida shida, kowanne da nauyinsa. Tushen ilmin sadarwa yana da kashi 20 cikin 100. Haɗa na'urori ta suwic da ta iska yana da kashi 20. Aikin rauta, wato zaɓa wa saƙo hanya, yana da kashi 25, shi ne mafi nauyi. Hidimomin da ke tafiya a kan hanyar suna da kashi 10, tushen tsaro kashi 15, sarrafa na'urori ta hanyar manhaja kuma kashi 10. Cisco yakan wallafa cikakken jerin batutuwan kyauta, kuma yakan sabunta shi lokaci-lokaci. Aikin farko na ɗalibi shi ne ya samo jerin da ke aiki a lokacin da zai zauna, ya buga shi a takarda, ya riƙa soke duk batun da ya ƙware a kai.

Idan aka haɗa kashi uku na farko, za a ga sun kai 65 cikin 100, kuma dukkansu a kan abu ɗaya suka dogara, wato fahimtar yadda saƙo ke tafiya. Masana sun kasa tafiyar saƙo hawa bakwai a wani tsari da ake kira OSI, wanda ƙungiyar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da shi a 1984. Hawa na ɗaya shi ne kebul da siginar da ke bi ta cikinsa. Hawa na biyu nan suwic ke aiki, yana gane kowace na'ura da lambar da aka ƙera ta da ita, wato adireshin MAC. Hawa na uku na rauta ne da adireshin IP. Hawa na huɗu shi ne na TCP da UDP, inda kowace hidima ke da lambar ƙofarta: 53 ta DNS, 22 ta SSH, 80 da 443 na shafukan intanet. Amfanin wannan tsari ga ma'aikaci shi ne yana ba shi tsarin bincike. Idan intanet ta ɗauke a kanti, yakan fara daga ƙasa ya yi sama, ya duba kebul kafin ya zargi kamfanin da ke sayar masa da intanet.

Rabon adireshi, inda mafi yawan aikin yake

Babu batun da ya fi tace ɗalibai kamar rabon adireshi, wanda masu sana'ar ke kira sabnetin, kuma ba a yarda a shiga jarrabawar da kalkuleta ba. Adireshin IP na tsari na huɗu yana da bit 32, kowane bit kuwa ko sifiri ne ko ɗaya. Ana rubuta shi a lamba huɗu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.10.5. Jimillar adireshin da wannan tsari zai iya bayarwa kimanin biliyan 4.3 ne, kuma babban rumbunsu na duniya ya ƙare a watan Fabrairu na 2011. Wannan ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro tsari na shida mai bit 128, wanda shi ma yana cikin jarrabawar, kuma shi ne dalilin da ya sa ofisoshi ke amfani da adireshin cikin gida, waɗanda aka keɓe tun 1994: masu farawa da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da masu farawa da 192.168.

Kowane adireshi kashi biyu ne, kamar yadda adireshin gida ke da sunan unguwa da lambar gida. Lambar da ake rubutawa bayan karan tsaye ita ke nuna bit nawa ne na unguwa. Idan an rubuta 192.168.10.0/24, bit 24 na unguwa ne, 8 suka rage na gidaje. Bit 8 suna ba da adireshi 256, amma ana cire biyu: na farko sunan unguwar ne, na ƙarshe kuma na shela ne, wato wanda ake aika wa kowa saƙo da shi. Saura 254 ke nan da za a iya bai wa na'urori.

A ɗauka wani kamfanin sayar da kayan masarufi yana son raba wannan unguwa shiyya huɗu daidai: ta masu karɓar kuɗi, ta ofishin akanta, ta kyamarori, da ta baƙi masu neman intanet ta iska. Ana aro bit 2 daga na gidaje, domin bit 2 suna ba da huɗu, sai /24 ta koma /26. Bit 6 suka rage, kowace shiyya tana da adireshi 64, masu amfani 62. Shiyyoyin za su fara ne daga 0, da 64, da 128, da 192. Idan aka tambayi ɗalibi shiyyar da 192.168.10.100/26 take, amsar ita ce shiyyar 64, domin 100 tana tsakanin 64 da 127. Adireshin farko mai amfani shi ne 65, na ƙarshe 126, na shela kuma 127.

Sau da yawa bukatun sassa ba su zo daidai ba. A ce sashen ciniki yana da na'ura 100, ofis yana da 50, sito yana da 20, sa'an nan akwai layin da ya haɗa rauta biyu mai bukatar adireshi 2 kacal. Ƙa'ida ita ce a fara da babba. Na'ura 100 suna bukatar /25 mai ɗaukar 126, daga 0 zuwa 127. Na'ura 50 suna bukatar /26 mai ɗaukar 62, daga 128 zuwa 191. Na'ura 20 suna bukatar /27 mai ɗaukar 30, daga 192 zuwa 223. Layin rauta kuma /30 ta ishe shi, daga 224 zuwa 227. Abin da ya rage a ajiye shi domin faɗaɗa kamfani nan gaba. Ɗalibin da ya haddace jerin 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1, kuma yana warware irin waɗannan tambayoyi goma kowace safiya, cikin 'yan makonni zai riƙa ba da amsa ba tare da ya taɓa alƙalami ba.

Aikin hannu

Jarrabawar ba ta tsaya ga zaɓen amsa daga cikin huɗu ba. Akwai tambayoyin da ake jan amsa a ajiye ta a gurbinta, akwai waɗanda ake nuna wa ɗalibi abin da rauta ta fitar a ce ya fassara, akwai kuma na gwaji inda ake ba shi na'urori a allo a ce ya saita su da kansa. Wanda bai saba buga umarni da yatsunsa ba, nan lokacinsa ke ƙarewa.

Ba dole sai an sayi na'urori ba. Cisco yana ba da wata manhaja mai suna Packet Tracer kyauta ga duk wanda ya yi rajista da makarantarsa, kuma tana kwaikwayon suwic da rauta da kwamfutoci a cikin kwamfutar hannu mai matsakaicin ƙarfi. Da zarar an sauke ta, yawancin aikin ba ya cin data. Akwai kuma Wireshark, ita ma kyauta, wadda ke nuna fakitin bayanai yayin da suke wucewa, ta yadda ɗalibi zai ga abin da littafi ya faɗa masa da idonsa. Wanda ke da hali yana iya sayen tsofaffin suwic biyu da rauta ɗaya daga masu sayar da kayan kwamfuta na hannu, irin na kasuwar Computer Village da ke Ikeja, domin ya saba da haɗa kebul da kuma ganin fitilun ƙofofi. Dangane da littafi, wanda aka fi dogara da shi shi ne jagoran da Wendell Odom ya rubuta a mujalladi biyu, bugun Cisco Press, kuma a tabbatar bugun ya yi daidai da jerin batutuwan da ke aiki.

Gwaje-gwajen da ya wajaba ɗalibi ya maimaita har su zauna masa sun haɗa da waɗannan. Ya raba suwic ɗaya gida-gida ta hanyar VLAN, ta yadda kwamfutar baƙo ba za ta ga ta akanta ba. Ya haɗa suwic biyu da layi guda mai ɗaukar dukkan gidajen bisa ƙa'idar 802.1Q. Ya fahimci yadda STP ke toshe ɗaya daga cikin layuka biyu domin kada saƙo ya riƙa kewayawa ba iyaka. Ya rubuta wa rauta hanya da hannu, sa'an nan ya saita OSPF domin rautoci su koya wa juna hanyoyi. Ya saita DHCP mai raba adireshi, da NAT mai bai wa kwamfutocin ofis damar fita intanet da adireshi ɗaya. Ya rufe Telnet, wadda ke aika kalmar sirri a fili, ya buɗe SSH a madadinta. Ya kuma rubuta jerin izini da ke hana wata shiyya isa ga wata.

Game da aikin rauta, ƙa'idoji biyu ne ake yawan tambaya. Ta farko, idan hanyoyi biyu sun dace da saƙo ɗaya, rauta tana ɗaukar wadda ta fi ƙayyadewa. Idan jadawalinta yana da 10.1.0.0/16 da 10.1.1.0/24, saƙon da ke zuwa 10.1.1.5 zai bi ta /24. Ta biyu, idan hanya iri ɗaya ta zo daga majiya biyu, ana duba ma'aunin aminci, kuma ƙaramar lamba ce ke rinjaye: layin da ke jone kai tsaye 0 ne, hanyar da aka rubuta da hannu 1, ta OSPF kuma 110.

Mafi amfanin gwaji shi ne wanda aka ɓata da gangan. Ɗalibai biyu suna iya yin haka: ɗaya ya gina hanya mai aiki, ɗayan ya ɓata abu guda a ɓoye, na farko ya nemo. Ta haka ake koyon alamomin da ma'aikaci zai ci karo da su a wurin aiki. Kwamfutar da ta wayi gari da adireshi mai farawa da 169.254 tana nuna ba ta sami amsa daga DHCP ba. Wadda ke iya kaiwa ga adireshi da lamba amma ta kasa buɗe shafi da suna, matsalarta DNS ce. Wadda ke ganin maƙwabtanta amma ba ta fita waje, a duba ƙofar fitarta.

Tsarin karatu

Ga mai aiki da rana, wanda zai iya ware sa'o'i biyu kullum, tsarin wata biyar ya dace. Wata na farko na tushe ne da rabon adireshi. Na biyu na suwic da sadarwa ta iska. Na uku na rauta. Na huɗu na hidimomi da tsaro da sarrafawa ta manhaja. Na biyar na bita ne da jarrabawar gwaji. A kowane zama, rabin lokaci ya tafi ga karatu, rabi ga buga umarni. Kada a raina kashi na ƙarshe don nauyinsa 10 ne kawai. Batutuwansa, irin su karanta bayanai a tsarin JSON da sanin aikin Ansible da Terraform, ba su da zurfi a wannan mataki, kuma maki ne da ake samu da ɗan ƙoƙari.

Mai ɗaukar nauyi yana da rawar da zai taka a nan fiye da biyan kuɗi. Ma'aikacin da ake tsarewa a shago har ƙarfe tara na dare ba zai iya wannan karatu ba. Sassauta masa sa'o'i biyu, da samar masa da kwamfutar hannu da wutar da zai caja ta, suna cikin jarin. Haka kuma ya dace a yi yarjejeniya a rubuce tun farko kan tsawon lokacin da zai ci gaba da aiki bayan ya ci, domin takardar da sunansa take fita, ba da sunan kamfani ba.

Haɗarin satar amsa

Akwai masu tallar abin da suke cewa ainihin tambayoyin jarrabawar ne tare da amsoshinsu, akwai ma masu alkawarin zauna wa mutum. Kowane ɗalibi yana amincewa da yarjejeniyar sirri kafin ya fara jarrabawar, kuma dokokin Cisco sun ba kamfanin ikon soke sakamako, da ƙwace takarda, da haramta wa mutum sake zama har abada idan an kama shi da maguɗi. Ban da wannan, amsoshin da ake sayarwa sukan zo da kurakurai, kuma ba sa taimakawa a tambayoyin gwaji.

Asarar da ta fi girma tana faɗawa ne a kan mai kamfani. Wanda ya ci da hadda zai karɓi albashin ƙwararre, amma ranar da na'urorin karɓar kuɗi suka tsaya ana tsakiyar ciniki, sai an kira wani daga waje an sake biya. Araha ba ta ado. Ya kamata a bambanta waɗannan da jarrabawar gwaji ta halal, wadda kamfanonin ilmi ke rubuta tambayoyinta da kansu, tare da bayanin dalilin kowace amsa.

Ranar jarrabawa

Kamfanin Pearson VUE ne ke gudanar da jarrabawar a madadin Cisco, kuma yana da cibiyoyin da ya amince da su a manyan biranen ƙasar nan. Tun shekara ta 2020 an ba da damar zama daga gida ta intanet, inda mai sa ido ke kallon ɗalibi ta kyamara. Sai dai wannan hanya tana bukatar ɗaki shiru wanda ba mai shigowa, da wuta da intanet da ba za su yanke ba har sa'o'i biyu. Inda babu tabbacin waɗannan, cibiya ta fi aminci, ko da za a biya kuɗin mota. Sunan da aka yi rajista da shi dole ya yi daidai da na katin shaida harafi da harafi, kuma a tanadi shaida biyu, ɗaya ta hukuma mai hoto. Masu suna irin su Muhammad da Mohammed, ko Abubakar da Abubakr, su duba wannan tun kafin ranar.

Muhimmiyar ƙa'idar da ta bambanta jarrabawar Cisco da wasu ita ce ba a komawa baya. Tambayar da aka wuce ta wuce ke nan. Idan tambayoyin sun kai 100 a cikin minti 120, kowace tana da daƙiƙa 72, kuma tambayoyin gwaji suna cin mintuna da yawa, don haka sauran sai an yi su cikin hanzari. Tambayar da ta gagara, a cire amsoshin da ba shakka kuskure ne, a zaɓi ɗaya daga cikin sauran, a wuce, kada a bar ta babu amsa. A karanta kowace tambaya har ƙarshe, domin wasu suna neman amsa biyu ko uku. A cibiya ana ba da allon rubutu da alƙalaminsa, kuma da yawa sukan fara da rubuta jerin lambobin rabon adireshi a kai da zarar jarrabawa ta fara. Cisco ba ya bayyana makin ci. Sakamako yakan fito a allo bayan an gama, tare da bayanin ƙoƙarin ɗalibi a kowane kashi, wanda shi ne jagoran wanda zai sake zama.

Ma'auni uku kafin a biya

Ɗan kasuwan da bai san komai game da rauta ba yana iya auna shirin ɗalibinsa da agogo kawai. Na farko, a samo tambayoyin rabon adireshi goma tare da amsoshinsu, a ba shi minti goma ba tare da kalkuleta ba. Wanda ya shirya zai ci tara ko goma. Na biyu, a ce ya buɗe Packet Tracer babu littafi a gabansa, ya gina ofis mai shiyya uku da rauta biyu cikin minti 30, ya nuna cewa kwamfutar baƙo ba ta isa ga ta akanta, alhali dukkansu suna fita waje. Na uku, ya zauna jarrabawar gwaji ta halal wadda bai taɓa gani ba, sau biyu a ranaku dabam, cikin minti 120, ya wuce kashi 85 cikin 100 a kowace. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gaza, a ƙara mako uku a sake aunawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Waɗannan ma'aunai suna da amfani har wajen ɗaukar sabon ma'aikaci. Cisco yana bai wa wanda ya ci wata alamar shaida ta intanet da mai ɗaukar aiki zai iya tantancewa, don haka kwafin takarda kaɗai bai isa hujja ba. Bayan tantancewa, a ba mai neman aikin kwamfuta da minti 30.

Takardar CCNA tana aiki ne na shekara uku. Kafin wa'adin ya cika, mai ita zai sake cin jarrabawar, ko ya ci wadda ta fi ta, ko ya tara maki 30 na ci gaba da karatu daga kwasa-kwasan da Cisco ya amince da su. Kamfanin da ya ɗauki nauyin zaman farko ya sanya wannan a kasafinsa na shekara ta uku, ya kuma bai wa ma'aikacin aikin da zai riƙe ilmin da shi: ya zana taswirar hanyar sadarwar kamfanin, ya rubuta adireshin kowace na'ura, ya raba shiyyar baƙi da ta kuɗi, ya canza kalmomin sirrin da na'urori suka zo da su daga masana'anta, ya kuma ajiye kwafin saitin kowane suwic da rauta a wurin da mai kamfani ya sani.